FITILAR KEKE: WUTAR TANA CIKIN ƘAFARMU

Jawabin da malamin lekol na garinmu ya yi a taron ƙungiya na bayan kaka



Ranka ya daɗe Maigari, dattawan gari, iyayenmu mata, shugaban ƙungiya da mataimakansa, ƴan uwa da suka zo daga Yamai, Damagaram, Kano, Kwatano da Abijan, muna gaishe ku da hanya, muna yi wa kowa barka da kaka.

Mun san mu yara ne a gabanku. Aikinmu alli ne da allo, ba mu saba tsayawa gaban furfura muna magana ba. Amma abin da ya tashe mu yau ya shafi ɗiyan da kuka ba mu amana, shi ya sa muka roƙi shugaba ya ba mu ɗan lokaci. Maganar fitilar keke ce. Wani zai ce ƙaramar magana ce ga babban taro irin wannan. Ku yi haƙuri ku saurare mu, sannan ku yanke hukunci.

1. ABIN DA YA SAME MU BARA

Ba wanda ya manta daren Jumma'ar nan ta hunturun bara. Ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibanmu, wanda muka riƙe tun ajin fari har ya samu shiga kolej, yana komowa gida bisa keke bayan magariba. Yana bisa gudro, ya kusa kai mararrabar garinmu. Babbar mota ta taso daga bayansa, wata kuma tana zuwa daga gaba da wutarta a kunne. Direban bai gan shi ba sai da ya zo daf da shi. Ya kauce iyakar iyawarsa, amma gefen motar ya kwashe yaron. Ƙashin cinya ya karye. Ya yi wata biyu a asibiti a Maraɗi, shekarar karatu ta tafi, ubansa ya sayar da sa da dammunan gero masu yawa. Mun gode Allah da ya bar mana shi da rai.

Bayan kwana biyu muka je gidansu muka duba keken. Abin da muka gani shi ya hana mu barci. Dinamo yana nan ɗaure ga ƙarfen keken, lafiyarsa lau. Muka juya kansa da yatsa, yana juyawa. Waya ce ta tsinke tun da daɗewa, jar fitilar baya kuma an cire ta. Wayar da ba ta wuce kamu uku ba, da ƙwai ɗaya, su ne tsakanin yaron nan da lafiyarsa.

Ranar kasuwa muka zaga inda ake jingine kekuna, muna dubawa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda fitilarsu ta gaba da ta baya suke kamawa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Kuma don kada ku ce mun zo yi muku faɗa, har da namu keken cikin marasa wutar. Laifin na kowa ne, mu ma muna ciki.

2. ƊAN LISSAFI

Sau da yawa in an ce wa mutum ya gyara fitilarsa sai ya ce: "Ni da na san hanyar nan tun ina yaro? Ko ido rufe ina kai gida." Gaskiya ne. Amma amfanin fitila na fari ba don ka gani ba ne. Don a gan ka ne. Kai ka san hanya, direban da ya taso daga Ƙonni ko daga Damagaram bai san kana bisa hanyar ba.

Mu yi lissafi irin na ajin ƙarshe. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 cikin sakan ɗaya. Kafin ka ce "wane", ta ci mita 22. In direbobi biyu za su gamu da dare, kowa yana rage wutarsa zuwa ƙaramar wuta, wadda suke kira kod, don kada su kashe wa juna ido. A makarantar koyon tuƙi ana koya musu cewa wannan wuta tana haska wajen mita 30 ne. Ana kuma koya musu cewa ƙaramar mota mai gudun 80 tana bukatar wajen mita 64 kafin ta tsaya cik, daga lokacin da direba ya ga abu. Babbar mota mai lodin albasa ko siminti tana bukatar fiye da haka.

To ku haɗa da kanku. An gan ka a mita 30, ana bukatar mita 64 kafin a tsaya. Ko direban mutumin kirki ne, ko birkinsa sabo ne, lissafin bai fita ba. Amma jar fitila ƙarama mai kamawa ana hango ta daga nisan da ya zarce mita 100. Nan lissafin ya fita, direba ya samu lokacin ragewa da kaucewa.

Ku ƙara da yanayin ƙasarmu. Cikin hunturu rana tana faɗuwa da ƙarfe 6 da ƴan mintoci, kafin rabin awa duhu ya rufe. Ga hazo, ga ƙura. Lokacin nan ne kuma daidai masu kasuwa suke komowa, masu garka suke tashi daga fadama, ɗiyan kolej suke bisa hanya.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1 da dubu 190 ne suke mutuwa kowace shekara cikin haɗarin hanya. Fiye da rabinsu masu tafiya ƙasa ne da masu keke da masu moto, kuma in an auna da yawan jama'a, nahiyarmu ta Afirka ce a gaba. Yarjejeniyar dokar hanya da ƙasashe suka yi a birnin Biyana a 1968, wadda Nijar take cikinta, ta ce keke ya kasance da birki, da ƙararrawa, da jan gilashi mai mai da haske a baya, da abin nuna farar wuta ko rawaya a gaba da jar wuta a baya. Ashe ba ado ba ne. Doka ce, kamar birki.

3. MENE NE CIKIN ƘARAMAR KWALBAR NAN?

Ga dinamo mun zo da shi, mun buɗe shi, a miƙa wa dattawa su duba. Ba tsafi ciki, ba mai, ba pil. Abu biyu ne kawai: mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, da siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe sau da yawa. Kan nan mai haƙora yana jingina ga gefen taya. Taya ta juya, kan ya juya, mayen ƙarfe ya juya kusa da naɗin waya, sai kuran ya tashi cikin wayar ya tafi ga ƙwai. Wani masani ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano wannan a 1831. Manyan injinan da ke ba da kuran a madatsar ruwa ta Kainji cikin Najeriya, da na tashar Anu Araren ta jihar Agadas mai ƙona gawayin ƙasa, duk bisa wannan dabara suke aiki. Can ruwa ne ko tururi ke juya injin. Nan ƙafarka ce.

In kun duba gindin kwalbar za ku ga an rubuta 6V 3W. Ma'anarsa bolt 6, wat 3. An raba wutar gida biyu: wat 2,4 ga ƙwan gaba, wat 0,6 ga ƙwan baya. Ku riƙe waɗannan lambobi, za mu komo kansu.

Me ya sa muke yabon dinamo, alhali ga tocila cike da kasuwa, ga fitilar salula cikin aljihun kowa? Dalili uku. Na ɗaya, wutarsa ba ta ƙarewa. Pil yana mutuwa, kuma ba ya sallama kafin ya mutu, sai tsakiyar hanya. Salula tana bukatar caji, kun kuwa san layin da ake yi wurin mai pano ranar kasuwa. Na biyu, dinamo yana ɗaure ga keke. Ba a mance shi a ɗaki, uwargida ba ta are shi ta shiga madafa, yaro bai ɗauke shi ya tafi dandali ba. Na uku, shi ne ke ba da wutar baya. Mai riƙe tocila a baki ko a hannu yana haska gabansa, bayansa duhu ne, ga shi kuma yana tuƙi da hannu ɗaya cikin rairayi. Yaronmu daga baya aka buge shi.

Akwai kuma maganar kuɗi. Kowa ya ƙidaya pil nawa yake saye cikin wata, ya ninka sau 12, ya gani. Dinamo sau ɗaya ake sayensa. Pil ɗin da ya mutu kuwa a bola yake ƙarewa, yara su fasa shi su yi wasa da baƙin garin da ke ciki, awaki su bi ta kai.

4. ƘORAFIN DA MUKA JI

Mun tambayi mutane da yawa dalilin da ya sa suka bar dinamo. Ƙorafi huɗu muka ji, kuma kowanne yana da gaskiyarsa. Ba za mu ɓoye ba.

Na fari: "Yana cin taya." Yana ci, in an ɗaura shi a karkace. Ga yadda ake ganewa. Ka ɗauki zare ka miƙa shi daga kan dinamo, ya bi tsawon kwalbar, ya nufi tsakiyar ƙafar keke. In zaren ya faɗa daidai bisa cibiyar ƙafar, an ɗaura shi daidai, kan zai mirgina bisa taya. In ya kauce, kan yana kankarar taya ne kamar magagari. A sassauta kusar, a daidaita, a ɗaure. In an ɗage shi da rana, tsakaninsa da taya ya kai kaurin ƙaramin yatsa. Wanda ya yanko ƴar zobe daga tsohuwar robar cikin taya ya sa wa kan, ya rage cin taya, ya rage ƙara, ya rage santsi lokacin damina.

Na biyu: "Yana sa keke nauyi." Akwai nauyi, amma mu auna shi. Cikin ƙarfin da babban mutum yake zubawa bisa feda in yana tafiyarsa ta yau da kullum, abin da dinamo mai lafiya yake ɗauka wajen kashi 1 ne cikin 10. Mu da muke ɗora buhun gero bisa kariya, ko jarka biyu ta ruwa, mu ne za mu yi kukan wannan? Yawancin nauyin da ake ji daga karkacewa ne, ko daga ƙura da ta cika wuyan dinamo. Ɗigon mai ɗaya a wuyan yana sauƙaƙa shi. Ƙarar da yake yi ita ke sa mutum ya ji kamar ya gaji.

Na uku: "Ƙwai yana yawan ƙonewa." Nan ne lambobin nan suke da amfani. Dinamo yana aiko wutarsa duka, bai san ko ƙwai ɗaya ya mutu ba. In na baya ya mutu aka ƙyale shi, na gaba ya sha rabon biyu, sai ya ƙone ranar da aka sako gudu a gangare. In na gaba ya mutu, ƙaramin na baya ba ya jimre ko kaɗan. Don haka ƙwai ɗaya ya mutu, a sake shi nan da nan, kada a jira ɗan uwansa ya bi shi. Kuma a sayi mai lamba daidai. Ƙwan tocila mai bolt 2,5 ko 3,8 ba na dinamo ba ne, ko da ya shiga ramin.

Akwai wata cuta da ake ɗora wa ƙwai alhali ba laifinsa ba ne. Kuran ba ya tafiya sai ya samu hanyar komowa. A yawancin kekunanmu waya ɗaya ce ke kai wuta, ƙarfen keken shi ne hanyar komowa. Shi ya sa maɗaurin dinamo yake da ƴar kusa mai tsini, aikinta ta huda fenti ta taɓa ƙarfe. In tsatsa ta ci wurin, ko wurin da aka ɗaura fitila, hanya ta yanke, wuta ba ta kamawa ko tana ƙyaftawa. A kankare wurin da wuƙa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure. Wanda yake son hutawa ya ja waya ta biyu daga jikin dinamo zuwa jikin fitila. Dinamo da yawa da aka jefar, wannan ne kaɗai ciwonsu.

Na huɗu: "In ka tsaya sai ta mutu." Wannan shi ne babban aibin tsohon dinamo, ba mu musa ba. Maganinsa biyu. Jan gilashin baya mai mai da haske ba ya bukatar wuta, hasken mota yake mayarwa, don haka kada a cire shi, a riƙa share masa ƙura. Kuma in za ka tsaya da dare, ka sauka daga gudro gaba ɗaya. Magani na biyu yana cikin abin da za mu faɗa yanzu.

5. ABIN DA ZAMANI YA ƘARA

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Dinamon da iyayenmu suka sani bisa kekunan Raleigh da Phoenix bai tsufa ba, ƙwai ne aka sake masa. Ƙwan zamani da ake kira LED, irin wanda ke cikin salula da tocilan yanzu, ba shi da siririn zaren nan mai ƙonewa. Masana uku ƴan asalin Japan, Isamu Akasaki, Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun samu kyautar Nobel a 2014 saboda aikin da ya buɗe hanyar samun farin haske daga irin wannan ƙwai. Da wat 3 ɗin nan dai, fitilar LED tana ba da hasken da ya ninka na tsohon ƙwai, tana kamawa ko kana tura keke da ƙafa, kuma tana shekaru ba ta mutu ba. Masu kyau daga ciki suna da ɗan rumbun wuta a cikinsu, wanda ke cika in kana tafiya. In ka tsaya, fitila ta ci gaba da haske wajen minti 4. Ƙorafi na uku da na huɗu sun faɗi ke nan. Sai dai a tabbata fitilar ta dinamo ce, an rubuta 6V a jikinta ko a kwalinta.

Akwai kuma dinamon da ba ya taɓa taya sam, yana cikin cibiyar ƙafar gaba. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Sturmey-Archer na birnin Nottingham a Ingila ya fara yinsa tun cikin shekarun 1930, yanzu kuma Shimano na Japan da waɗansu suna yinsa da yawa. Ba ya cin taya, ba ya ƙara, ruwa da laka ba su hana shi aiki, nauyinsa kuwa da wuya ka ji shi. Ƴan uwa masu sayen tsofaffin kekunan Turai da na Japan a Kwatano da Lome, ku duba da kyau. In kun ga cibiyar ƙafar gaba mai kauri, da ɗan wurin soka waya a gefenta, dinamo ne. Mutane da yawa suna hawan irin wannan keke cikin duhu ba su san suna da wuta ba.

A ƙasar Jamus, har zuwa 2013, doka ba ta yarda keke na yau da kullum ya dogara ga fitilar pil kaɗai ba, sai da dinamo. Mutanen da ke da kuran dare da rana ke nan. Ina ga mu?

Abu ɗaya game da saiti. Fitilar gaba a sunkuyar da ita, haskenta ya faɗi ƙasa wajen taki 10 zuwa 12 a gabanka. LED da aka ɗaga sama yana kashe idon mai zuwa, wanda ka kashe wa ido kuwa kanka zai faɗo.

Samari sun tambaye mu ko dinamo yana cajin salula. Yana yi, amma sai da wata ƴar na'ura a tsakani wadda ke daidaita wutar zuwa bolt 5, domin wutar dinamo tana hawa tana sauka. Wanda ya haɗa salula kai tsaye ya yi asararta. Kuma a yi cajin da rana. Da dare wutar ta fitila ce.

6. KEKE MAI BATIR

Waɗanda suke zaune birane sun ga keken da ke tafiya da batir, bana ma wani ɗan uwanmu ya zo da irinsa, yara suna ta binsa. Zai ƙaru, don haka gara mu yi maganarsa tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan keke ya fi namu bukatar fitila. Mai keke na feda yana yin kilomita 12 zuwa 15 a awa. Mai batir yana kai 25 ba wahala, waɗansu sun fi haka, kuma ba ya ƙara kamar moto. Tsohuwa mai komowa da itace ko yaro mai koro awaki ba za su ji zuwansa ba. In ba su gan shi ba, shi ke nan.

Yawancinsu fitilarsu daga babban batir take sha, mai bolt 36 ko 48. Wutar da fitila take ci kaɗan ce ƙwarai, kada kowa ya kashe ta wai don tattalin caji. Haɗarin yana wani wuri: a kekuna da yawa, in batir ya ƙare, injin da fitila tare suke mutuwa. Ga ka da keke mai nauyi, cikin duhu, bisa gudro. A Jamus doka ta ce fitilar irin wannan keke ta ci gaba da kamawa awa 2 bayan injin ya tsaya don ƙarewar caji, amma ba kowane keke da ke shigowa kasuwanninmu aka ƙera bisa wannan doka ba. Mai irinsa ya gwada nasa a gida ya sani. Kada ya fita da yamma da caji kaɗan. In kuwa da hali, ya ɗaura masa dinamon kwalba da fitilunsa daban, su zama na ko-ta-kwana. Dinamon cibiya ba ya shiga in injin yana cikin ƙafar gaba, domin wurin ɗaya ne.

Kashedi biyu. Kada a haɗa fitilar dinamo mai bolt 6 kai tsaye ga batir mai bolt 36, nan take za ta ƙone, wayar ma tana iya kama wuta. A karanta lambar da ke jikin fitila kafin a haɗa. Na biyu, mun ji waɗansu suna cewa za su ɗaura dinamo ya riƙa cika batir suna tafiya, keke ya yi ta gudu ba caji har abada. Ba ya yiwuwa. Ƙarfin da ke juya dinamon daga batir ɗin ya fito, kuma rabi yana zubewa a hanya. Kamar mai ɗibar ruwa daga randa da ƙoƙo mai yoyo ne yana mayarwa cikin randar, yana jiran ta cika. Ko da ƙafarka kake juya shi, batir mai bolt 36 da amfiya-awa 10 yana ɗaukar wat-awa 360. Raba 360 da 3, ka samu 120. Awa 120 kana taka feda kafin ya cika sau ɗaya. Dinamo na fitila ne, cajin batir aikin pano ne ko kuran.

7. ABIN DA MUKE ROƘO

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da muke kawowa gaban taro, ku duba, ku gyara, ku amince da wanda ya yi muku.

Ga iyaye maza: kafin yaro ya hau keke zuwa kolej ko kasuwa, a ɗaga ƙafar keken a juya ta, a ga farar wuta gaba, ja baya. Ba ya cin minti ɗaya. In ba ta kama ba, ya komo kafin magariba ko ya kwana can.

Ga iyayenmu mata: ku ne kuke ganin fitar yara da shigowarsu. Ku tambaya. Ku sa su sa riga mai haske in za su yi dare.

Ga ƴan uwa ƴan ci-rani: mun gode da tsarabar da kuke kawowa kowace shekara. Bana muna roƙon ku ƙara abu ɗaya cikin jaka, dinamo da fitilar gaba da ta baya, na LED in an samu. Ba shi da nauyi, bai kai kuɗin turmin atamfa ba. Ku duba mai ƙwari, domin araha ba ta ado. Wanda zai aiko wa ƙanensa keke kuwa, kada ya aiko shi makaho.

Ga ƙungiya: muna roƙon a fitar da wani abu daga asusu a sayi naɗin waya, da ƙwai na gaba da na baya, da jan gilashi. A yi magana da mai gyaran keke na bakin kasuwa, a ware ranar kasuwa biyu, duk ɗan kolej ya kawo kekensa a gyara masa wuta, ƙungiya ta biya aikin. In gilashin ya ragu a manna wa amalanken shanu da na jakai, su ma cikin duhu suke tafiya.

Ga mu malamai: mun ɗauki alkawarin koya wa manyan azuzuwa yadda ake ɗaura dinamo da neman inda wuta ta yanke, da hannunsu, ba bisa allo kaɗai ba. Kowace Litinin za mu duba kekunan da suka shigo filin lekol. Namu keken mun riga mun gyara shi, yana nan jingine ga bedi, wanda yake so ya je ya juya ƙafar ya gani.

Ranka ya daɗe Maigari, muna roƙon a sa mai shela ya zaga da wannan magana, domin abin da ya fito daga bakinka ya fi namu nauyi.

Yaron da muka ba ku labarinsa ya koma karatu, yana ɗingishi kaɗan. Mun tambayi ubansa izni kafin mu yi maganarsa a nan. Ya ce mu faɗa, in dai zai hana wani uba sayar da sansa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Inda muka yi kuskure ko muka zarce matsayinmu, dattawa su gafarce mu. Allah ya kai matafiya gida lafiya, ya kai mu taron baɗi da rai da lafiya.